Gado da Haye a Sana'o'in Birnin Sakkwato

A al'adar Hausawa ana raba masu sana'a gida biyu, wato ɗan gado, wanda ya buɗe ido ya tarar da zugazugai ko wuƙar fawa a gidan ubansa, da ɗan haye, wanda ya bar abin da ya gada ya shiga sana'ar wasu da ƙafarsa. Kalmar haye ba ta rasa ƙanshin raini, domin ana ganin ɗan haye ya san aikin ne kawai, bai sha asirinsa a nono ba. Sai dai duk wanda ya bi tarihin Sakkwato a tsanake zai ga cewa 'yan haye suna da kaso mai tsoka a ginin birnin, kuma wasu daga cikin gidajen da ake kira na gado a yau, kakansu na farko da haye ya soma.

Lokacin da Muhammadu Bello ya kafa birnin a shekarar 1809, jama'ar da ke tare da shi galibi malamai ne da almajirai da makiyaya waɗanda jihadi ya mayar mayaƙa, alhali gari ba ya tsayuwa sai da maƙera da masaƙa da magina. Bayan rasuwar Shehu Usmanu a 1817, Bello ya dage wajen zaunar da Fulani makiyaya a ribaɗoɗi, wato garuruwan tsaron iyaka irin su Wurno, inda aka kwaɗaitar da su noma da karatu da aikin hannu. A littafin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba. Sunayen shiyoyin birnin, kamar yadda Sakkwatawa ke kiran unguwanni, irin su Maƙera Assada da Marina da Takalmawa, suna nan suna ba da shaidar yadda kowace sana'a ta sami matsuguni.

Ba kowace ƙofa ce take a buɗe ba. Fatauci da ɗinki da malanta sun kasance masu karɓar baƙo, amma ƙira da wanzanci da fawa sun fi tsare gida, saboda asiran da ake jingina musu da kuma yadda aure ke zagayawa a tsakanin masu su. Wanda ya ƙudurta haye kuwa ba ya faɗawa kai tsaye, sai ya nemi ubangida ta hannun wani dattijo, ya shekara yana aikin da ba a biya. A majema, inda ake jeme fatar jar akuyar Sakkwato, sabon shiga yakan fara da ɗebo ruwa da dakan bagaruwa, 'ya'yan itacen da ke dafa fata, sannan a bar shi ya tsoma hannu a ruwan toka, inda gashi ke saki, kafin a amince masa da kankara, domin kuskuren wuƙa ɗaya yana zubar da darajar fata baki ɗaya. Wannan fata ce ayari ke kaiwa Kano a da, daga can ta ratsa Sahara zuwa Tarabulus, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, abin da ya hana majeman da suka sha warinta cin ko da sunan aikinsu.

Bayi ma sun sami wata kafa da ake kira murgu, wato kuɗin da bawa ke biyan ubangijinsa lokaci-lokaci domin a sake shi ya nemi na kansa, kuma da ribar ne wasu suka fanshi kansu. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, wannan kafa ta ƙara faɗi har zuwa 1936, lokacin da doka ta haramta bauta gaba ɗaya.

Boko ne ya kawo haye irin na zamani, wanda takarda ke maye gurbin ubangida a cikinsa. Ahmadu Bello ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato daga 1931, kafin ya ajiye alli ya zama hakimin Raba a 1934, haka kuma Shehu Shagari ya fito daga aji ya shiga Majalisar Wakilai a 1954. Kamfanin siminti na Kalambaina, da zaman birnin hedikwatar jiha daga 1967, da jami'ar da aka kafa a 1975, duk sun janye 'ya'yan masu sana'a zuwa aikin albashi. Daga baya takalman roba da yadin kanti suka rage wa dukawa da marina ciniki, har ya zama ba abin mamaki ba ne a ga jikan majemi yana kabu-kabu da rana, ya koma majema ranar da aka kawo fatun layya.