AMSOSHIN TAKARDUNKU: Tarihin Koyarwa Da Majigi A Ƙasashen Arewacin Turai

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga karkarar Funtuwa, ya aiko da takarda yana cewa ɗansa da ke sakandare ya zo gida da waɗansu hotunan bidiyo a waya, wai malaminsu ne ya tura musu. Waɗansu na kimiyya ne, waɗansu kuma na tarihin wasu Turawa masu jiragen ruwa da ake kira Baikin. Yana so ya san ko su wane ne mutanen nan, da lokacin da suka fara koyarwa da hoto, kana ko kallon nan karatu ne ko kuwa shiririta, don ya san ko ya ƙwace wayar.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma muna zaton iyaye da yawa za su so jin amsarta. Mutanen da kake tambaya mazauna can ƙuryar arewacin Turai ne. Ƙasashensu biyar: Danmak, da Norwe, da Suwidin, da Finlan, da Aislan. In an haɗa jama'arsu duka ba su kai miliyan 30 ba. Ƙasa ce ta sanyi da ƙanƙara, har a can arewa sosai akan yi makonni da hunturu rana ba ta leƙo ba.

A yau ana lissafa su cikin masu arziki, amma kakanninsu talakawan manoma ne da masunta. Finlan ta sha muguwar yunwa daga 1866 zuwa 1868, kuma mutanen Suwidin fiye da miliyan ɗaya suka yi ƙaura zuwa Amurka neman abinci. Abin da suka riga wasu yi shi ne makaranta. Danmak ta kafa dokar tilasta karatun yara a 1814, Suwidin ta kafa dokar makarantun jama'a a 1842. A 1844 kuma aka buɗe makarantar manya ta farko a garin Rodding na Danmak, bisa ra'ayin wani malami mai suna Grundtvig. Samarin ƙauye kan shiga irin waɗannan makarantu da hunturu, lokacin da aikin gona ya tsaya, su saurari tarihin ƙasarsu, su yi waƙa, su yi muhawara. A ɗaya daga cikinsu, ta garin Askov, wani malamin kimiyya Poul la Cour ya kafa injin da iska ke juyawa ya ba da wutar lantarki a 1891. A zamanin nan ne kuma manoman Danmak suka kafa ƙungiyar gama kai ta masu madara a ƙauyen Hjedding a 1882. Ka riƙe wannan da kyau, Malam: lokacin da hoto mai motsi ya zo, ya tarar da malami da allo suna nan, manomi kuma ya iya karatu.

Shi hoto mai motsi an fara nuna shi ga jama'a a birnin Paris a 1895. Da fari malamai da limaman coci sun ɗauke shi abin ɓata yara, kamar dai yadda kake zargin waya yanzu. Amma a farkon shekarun 1920 babban kamfanin silima na Suwidin ya buɗe sashe na musamman don fina-finan makaranta, yana ba da hayarsu. Wahalar lokacin ita ce zaren fim ɗin yana saurin kama wuta, injin kuma ƙato ne. A 1923 kamfanin Kodak ya fito da siririn fim mai faɗin milimita 16 wanda ba ya kama wuta da sauƙi, sannu a hankali injin ya zama abin da malami zai ɗauka ya shiga aji da shi.

A Danmak an kafa wata ƙungiya mai suna Dansk Kulturfilm a 1932 don shirya fina-finan wayar da kai, sannan a ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta buɗe ma'ajiyar fina-finai wadda makarantu da ƙungiyoyi ke aro daga gare ta. Har manyan gwanayen silima sun sa hannu. A 1948 mashahurinsu Carl Dreyer ya shirya wani gajeren fim na gargaɗi, inda saurayi da budurwa ke sheƙa gudu a kan babur don su riski jirgin fito. Sun dai hau jirgin ruwa daga ƙarshe, amma a cikin akwatin gawa. 'Yan acaɓa sai a ji da kyau.

Rediyo ma ya shiga. Suwidin ta fara shirin makarantu na rediyo a 1929, ta ƙara da na talabijin a 1961, kana a 1978 ta ware gida guda mai suna UR wanda ba shi da wani aiki sai shirye-shiryen ilmi. A 1959 kuwa gidajen talabijin na ƙasashen suka kafa wata haɗaka mai suna Nordvision don musayar shirye-shirye, ta yadda yaron Norwe zai ga zaman yaron Finlan. Daga baya kaset ɗin bidiyo ya ture majigi, faifai ya ture kaset, yanzu kuma ta intanet makarantunsu ke ɗauko darasin.

To me hoto ke yi wanda alli ba ya yi? Ta fuskar kimiyya, yana nuna abin da ido bai isa ya gani ba. Tsiron da zai ɗauki mako biyu yana fitowa, sai a nuna maka shi cikin minti ɗaya. Ƙwayar cutar da ke cikin ɗigon ruwa, sai a ƙara mata girma ta cika allo. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Suwidin, Lennart Nilsson, ya girgiza duniya a 1965 da hotunan yadda ɗa ke girma a cikin mahaifa, kuma a 1982 aka yi fim da aikinsa wanda makarantu da yawa suka koyar da shi.

Ta fuskar tarihi kuwa, ga Baikin ɗin da ɗanka ke kallo. Su ne kakannin mutanen yankin, zamaninsu ya kama daga wajen 793 zuwa 1066. An san su da kai hari, amma kuma fatake ne na gaske. Sun bi kogunan Rasha da fatu da bayi, suna komowa da azurfa. Wani manzon Halifan Bagadaza, Ahmad ibn Fadlan, ya gamu da ayarinsu a bakin kogin Bolga a 922, ya kuma rubuta abin da ya gani. A 1999 an tono wata taska a cikin gona a tsibirin Gotland na Suwidin, azurfa mai nauyin kilo 67, a ciki har da tsabar kuɗi kamar 14,000, galibinsu dirhamin ƙasashen Musulmi. A Norwe ma wani manomi ne ya ci karo da jirginsu a gonarsa ta Oseberg a 1903. Yaron da aka nuna wa dirhamin nan da rubutun Larabci a jikinsa, da wuya ya manta darasin.

Sai dai Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma mai riƙe da na'urar hoto abin da ya ga dama yake nuna maka. Ga misali biyu. In ɗanka ya ga Baikin da hular ƙarfe mai ƙaho, to ƙarin gishiri ne, ba a taɓa tono irin wannan hula ta zamaninsu ba. Masu zane da masu wasan kwaikwayo na shekarun 1800 ne suka ƙaƙaba musu ita.

Misali na biyu na wani ɗan Norwe ne, Thor Heyerdahl. A 1947 ya ɗaure gumaguman itace, ya sa wa abin suna Kon-Tiki, ya tashi daga ƙasar Peru shi da mutum biyar, suka yi kwana 101 a tekun Pasifik. Nufinsa ya nuna cewa mutanen tsibiran can daga Kudancin Amurka suka fito. Fim ɗin tafiyar ya ci babbar lambar yabo ta Oska. A 1969 kuma ya zo Tafkin Chadi ya ɗauki gwanayen saƙa kwalekwalen ciyawa, suka gina masa jirgi a Masar mai suna Ra, har ɗayansu, Abdullahi Jibrin, ya shiga tafiyar. Wannan jirgi ya lalace kafin ya kai gaci, sai na biyu ne a 1970 ya ƙetare tekun Atlantika daga Maroko zuwa Barbados cikin kwana 57. Jaruntaka dai an yi ta. Amma masana harsuna da masu binciken jini sun tabbatar cewa asalin mutanen tsibiran Pasifik daga wajen Asiya yake. Fim ya nuna tafiyar tana yiwuwa, bai nuna cewa haka aka yi ba. Wa zai faɗa wa yaro wannan bambanci? Sai malami.

Mu ma nan ba baƙi ba ne ga koyarwa da hoto. Dattawa sun tuna motar majigi da ke zuwa ƙofar fada bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, a nuna tsabtar rijiya ko noman auduga irin na fim ɗin Baban Larai. Turawan mulki sun kafa sashen shirya irin waɗannan fina-finai a 1939, kuma sun gane da wuri cewa in babu mai fassara da ke tsaye da lasifika yana bayani, jama'a dariya kawai za su sha su watse. A Jamhuriyar Nijar ma an fara gwajin koyar da 'yan firamare ta talabijin a 1964, kuma ko a can sai da aka ajiye mai kula a kowane aji.

Saboda haka Malam, shawararmu kada ka yi saurin ƙwace wayar, kada kuma ka sakar masa ita ya kwana da ita. A kwalejin horon malamai ƙa'ida uku ake koyarwa game da darasin hoto: a shirya yaro kafin ya kalla, a bar shi ya kalla da tambaya a ransa, a kuma tattauna bayan ya gama. Ko ba ka yi boko ba, ta ukun tana hannunka. In ya gama kallo, zaunar da shi a kan tabarma ka ce ya ba ka labarin da Hausa. Tambaye shi me fataken nan suke sayarwa, da me ake biyansu, kwana nawa suke a hanya. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi shi sanin inda tambaya take. In ya amsa, to karatu yake yi. In ya hau inda-inda, sai ya sake kallo da takarda da alƙalami a hannu, abin da ya shige masa duhu kuma ya kai wa malaminsa da safe. Ka kuma yanka masa lokaci, don kada waya ta ci masa aikin gida da na gona.