Daga Garmaho Zuwa Kwamfuta: Waiwaye Kan Ɗaukar Kiɗan Hausa

A zamanin garmaho, mawaƙi kan kwashi makaɗansa da 'yan amshinsa zuwa inda na'ura take, a ɗauke su a zama guda. In wani ya kuskure, a koma farko. Haka aka riƙa ɗaukar su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Kaset ya yaɗa waƙa, amma bai taɓa wannan tsari ba.

Finafinan Kano, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, su suka kawo sauyi. Kafin ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya soma maye gurbin kalangu da sarewa. Daga baya manhajoji irin su Cubase da FL Studio suka shigo, har ta kai saurayi a Kaugama ko Haɗejiya, muddin ya sami kwamfuta da makirfo da wuta, yana iya haɗa waƙar biki shi kaɗai a ɗakinsa.

Sai dai kalangu magana yake yi. Makaɗi kan matse igiyoyinsa a hammata, ya sassauta, ya bi hawa da saukar karin sautin Hausa. Na cikin kwamfuta kuwa galibi bugu ne da aka ɗauka sau ɗaya ana maimaitawa. A ganina, shi ya sa take ba ya fita sosai a cikinsa, kuma yaran da suka tashi da shi da wuya su gane wa ganga take kira.