Tarihin Fasahar Kula da Manyan Gidajen Yanar Gizo

A shekarar 1991 ne gidan yanar gizo na farko ya bayyana ga jama'a. Tim Berners-Lee, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila, shi ya gina shi a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Geneva. A wancan zamani kowane shafi fayil ne mai zaman kansa, da hannu ake rubuta shi cikin harshen HTML. Muddin shafukan ba su wuce goma ba, aikin ba ya da wuya.

Wahala ta kunno kai ne da gidajen suka fara bunƙasa. A tsakiyar shekarun 1990 masu zane suka shiga cusa umarnin launi da girman haruffa a cikin kowane shafi. Wanda ke da shafi ɗari biyar, in ya so sauya launin kanun labarai, dole ya buɗe fayil ɗari biyar ɗaya bayan ɗaya. In ya manta da guda, sai ya fita daban da sauran.

Magani na farko ya fito ne daga CERN ɗin dai. A watan Oktoba na 1994 Håkon Wium Lie, ɗan ƙasar Norway, ya kawo shawarar tsarin CSS, kuma ƙungiyar W3C ta amince da shi a watan Disamba na 1996. Hikimarsa ita ce a raba rubutu da ado. Ado ya koma fayil guda, duk shafuka na ɗauka daga can, gyara ɗaya ya wadatar. Sai dai burauzoji sun daɗe ba su bi ƙa'idar yadda ya kamata ba. Sai a 2002, da gidan labarai na Wired News ya sake fasalinsa da CSS, mutane da yawa suka gamsu cewa babban gida ma zai iya.

Na biyu ya shafi sassan da ke maimaituwa, kamar jerin hanyoyin shiga da bayanin ƙasan shafi. A 1995 Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP, wanda ke bai wa uwar garke damar harhaɗa shafi daga guntaye a lokacin da mai karatu ya nema.

Na uku shi ne mayar da rubutun kansa cikin rumbun bayanai. A 2003 Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da WordPress. Daga nan marubucin da bai san ko harafi ɗaya na HTML ba yana iya wallafa aikinsa, gidan kuma ba ya durƙushewa don mai fasaharsa ya bar aiki.

Akwai abin da waɗannan manhajoji ba su ɗauke wa kowa ba, wato tsara adireshi. Tun 1998 Berners-Lee ya yi gargaɗi cewa sauya adireshin shafi na katse duk hanyoyin da wasu suka shimfiɗa zuwa gare shi. Saboda haka mai sabon gida ya zaɓi sunayen da za su ɗore, ya kuma ajiye kowane abu wuri guda tun shafukansa na ƙirguwa da yatsu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.