Shekara nawa Baba ya yi a duniya?

A Madarumfa, kamar sauran ƙasar Maraɗi, idan dattijo mai tarin zuri'a ya rasu, a zaman makoki ake yanke masa shekaru. Wani ya ce ɗari da goma, jika ya ƙara biyar, kafin sadakar bakwai an kai ɗari da ashirin. Ba wanda ke musu, don ana ganin rage wa mamaci shekaru kamar rage masa daraja ne.

Takarda ma ba ta raba gardama. A zamanin Faransa ba a rubuta haihuwar ɗan ƙauye. Sai ya girma, buƙata ta taso, a je gaban alƙali da shaidu a kintata, a rubuta cewa an haife shi wajejen shekara kaza. Shi ya sa katin tsofaffi da yawa ke ɗauke da 1 ga Janairu.

Shaidar da ta fi takarda ƙarfi tana bakin tsohon da kansa, domin mutanen da da masifu suke ƙirga zamani. A tambaye shi: Baba, ina kake lokacin da Gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi aka koma tudu? A 1945 aka yi wannan. In ya ce yana ango, a sa haihuwarsa wajen 1925, ɗarinsa ta tabbata. In kuwa ya ce lokacin ya fara azumi yana kiwon awaki, to da saura. Wanda ya ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da idonsa ne ya cancanci a ce ya haura 110, kuma galibin masu ba da labarinta daga bakin iyaye suka ji. Sai a gwada da shekarun ɗan fari, da wanda ke goye a yunwar El Buhari ta 1984.

Akwai kuma lissafin wata: shekara 100 ta Hijira daidai take da 97 ta Miladiyya. Batun ɗari da ashirin kuwa, namijin da aka tabbatar ya fi kowa daɗewa, Jiroemon Kimura na Japan, 116 ya yi, ya rasu a 2013.

Mai tsoho a gida, yau ya zauna kusa da tabarmarsa ya yi masa waɗannan tambayoyin, ya naɗa a waya.