Jinkirin Wasan Kwamfuta da Kayan Aiki Marasa Waya: Nazari Kan Inda Matsalar Take

Har zuwa wajen 2015, ra'ayin da ya kafu tsakanin masu wasan kwamfuta shi ne linzami mara waya na aikin ofis ne, ba na gasa ba. Suna da hujja, domin irin waɗanda ake da su a lokacin suna da nauyi saboda batir, kuma sukan yi barci da an ɗan sake su. Abin ya fara sauyawa a 2016 da Logitech ya fitar da G900, sai G Pro Wireless mai nauyin giram 80 a 2018, wanda ƙwararrun 'yan gasa suka karɓa hannu bibbiyu. Razer ya biyo baya da nasa tsarin, HyperSpeed, a 2019. Yau babu mai mamakin ganin linzami mara waya a babbar gasa. Amma ƙorafin ɗan wasa na gida bai ragu ba: kibiya tana tsalle, harbi yana fita bayan an riga an kashe mutum, hannun wasa yana yankewa ana tsakiyar ƙwallo. Wannan nazari yana so ya nuna cewa cire wayar ba shi ne babban mai jawo jinkirin ba, kuma ko a inda yake da laifi, laifin ba irin wanda ake ɗora masa ba ne.

Sai an fara da lissafi. Daga lokacin da yatsa ya danna maɓalli zuwa lokacin da ido ya ga sakamako, saƙon yana bi ta hannaye da yawa: maɓallin kansa, ƙwaƙwalwar cikin linzamin, rediyo, ƙofar USB, manhajar Windows, injin wasan, katin hoto, sannan allo. Kowanne yana cin nasa rabon, kuma ana auna rabon da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Linzamin ofis yakan kai wa kwamfuta rahoto sau 125 a daƙiƙa, kowane milisakan 8 ke nan. Na wasa yana kaiwa sau 1,000, kowane milisakan 1, kuma tsarin rediyon kamfanonin da aka ambata yana riƙe wannan adadi kamar yadda igiya take riƙewa. Allo kuwa, idan mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ne, kamar na yawancin laftof, kowane hoto yana zama milisakan 16.7 kafin wani ya maye gurbinsa. Mai 144 yana saukar da shi zuwa 6.9, mai 240 zuwa 4.2. Duk wanda ya jera waɗannan alƙaluma zai ga rabon rediyon shi ne ƙarami. Mutumin da ke wasa a allo mai 60, kwamfutarsa tana fitar da hoto 40 da ƙyar, ba linzami ne ke riƙe shi ba.

Cunkoso a zango ɗaya

Inda rediyo yake cutarwa shi ne rashin tabbas. Hannu yana iya sabawa da jinkirin da ba ya canzawa, sai mutum ya riƙa dannawa da ɗan wuri ba tare da ya sani ba. Abin da hannu ba ya iya sabawa da shi shi ne saƙon da ya isa yanzu, na gaba ya ɓace, na bayansa ya zo a makare. Tushen wannan yana cikin zangon da kayan suke magana a kai. Kusan dukkansu suna amfani da zangon gigahaz 2.4, daga megahaz 2,400 zuwa 2,483.5, saboda ba a buƙatar lasisi kafin a shiga. A nan Wi-Fi yake, a nan Bluetooth yake, murhun maikurowef ma yana aiki ne a 2.45. Kamar magana ce a tsakiyar kasuwa ranar cinta: kowa yana da 'yancin ɗaga murya, wanda ya fi kusa da kunnenka shi za ka ji. Tashar Wi-Fi guda tana cin faɗin megahaz 20 ko fiye, kuma tashoshi uku ne kawai, 1 da 6 da 11, ba sa hawa kan juna. Bluetooth na asali yana kauce wa wannan ta hanyar tsalle tsakanin ƙananan tashoshi 79 sau 1,600 a daƙiƙa, kuma tun bugu na 1.2 a 2003 ya koyi tsallake waɗanda ya ga sun cika. Dabara ce mai kyau, sai dai duk saƙon da ya yi karo da wani dole a sake aiko shi, kuma sake aikowar ita ce ɗan wasa yake gani a matsayin tsallen kibiya.

Akwai wani mai hayaniya da mutane ba su cika zargi ba, wato ƙofar USB 3.0, mai shuɗin harshen nan. A 2012 Intel ya wallafa wani bincike da ya nuna cewa bayanan da ke gudu a cikinta, gigabit 5 a daƙiƙa, suna fesa hayaniyar rediyo da ta faɗa daidai kan zangon 2.4, musamman idan igiyar ko mahaɗar ba ta da rufi mai kyau. A gwajin nasu, haɗa faifan ajiya na waje ya ɗaga hayaniyar da kusan desibel 20, har linzami ya daina amsawa daga nisan da a da yake aiki lafiya. A duba bayan akwatin kwamfutar mai ƙorafi, sau da yawa za a tarar da ɗan ƙaramin makarɓin siginar, wanda bai fi farce girma ba, a soke a ƙofar da ke maƙwabtaka da faifan da aka tara wasanni a ciki, jikin akwatin na ƙarfe ya tare shi daga linzamin, ga kuma wayar salula a kan teburi tana raba intanet a wannan zango dai. Wannan na ƙarshe ya zama ruwan dare a wurinmu, inda mutane da yawa da datar waya suke shiga wasa. Maganin ba ya cin kuɗi: a mayar da makarɓin ƙofar USB 2.0, ko a ja shi da igiyar ƙari zuwa gaban linzamin, a kuma koma da Wi-Fi zangon gigahaz 5 idan na'urar tana da shi. Igiyar da ake samu cikin kwalin linzamin wasa tare da ɗan mahaɗi, wadda da yawa suke ɗauka ta caji ce kawai, don wannan aka sa ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar Bluetooth da makarɓin kamfani a matsayin abu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. An tsara Bluetooth ne don ya haɗa kowace na'ura da kowace, ya kuma tattala batir. A ƙa'idar ƙarancin wuta da ta zo da bugu na 4.0 a 2010, mafi gajeren tazara tsakanin magana da magana shi ne milisakan 7.5, wato wajen sau 133 a daƙiƙa. Makarɓin kamfani kuwa da na'ura ɗaya ko biyu kawai yake magana, da yaren da aka ƙera musu, shi ya sa yake iya kai 1,000. Linzami guda mai hanyoyi biyu zai zama kamar na ofis a Bluetooth, ya zama na gasa a makarɓin kamfani, gwargwadon inda aka tura ɗan makunnin da ke ƙarƙashinsa.

A ɓangaren sauti ne kawai zargin da ake yi wa rashin waya ya tabbata baki ɗaya. Abin kunne na Bluetooth sai an matse sautin, an tara shi, an aika, an warware, kuma da tsarin SBC da kowa yake da shi jinkirin yakan kai milisakan 150 zuwa sama da 200. Mai kallon fim ba ya lura, domin manhajar tana jinkirta hoton ya yi daidai da murya. Wasa ba shi da wannan dama, don ba a san abin da zai faru ba sai ya faru, sai ƙarar takun abokin gaba ta iso bayan shi ya iso. Wani abin kuma, da zarar an kunna makirufo don magana da abokan wasa, Bluetooth na gargajiya yana sauka daga tsarin kiɗa zuwa tsarin kiran waya, sautin ya koma siriri, ba hagu ba dama. Mutane sukan ɗauka abin kunnen ne ya lalace, alhali haka aka gina shi. LE Audio da aka sanar a 2020 an yi shi ne don gyara irin wannan, amma sai kwamfutar da abin kunnen duka sun san shi.

Abin da ba rediyo ba

Hannun wasa yana da tasa rigimar, kuma yawancinta ta yare ce. Tun 2005, lokacin Xbox 360, Microsoft ya kawo XInput, wasannin kwamfuta suka ɗauke shi a matsayin ma'auni. Hannun PlayStation ba ya magana da wannan yare, don haka sai an sa masa tafinta, ko DS4Windows ko tsarin Steam, wanda ya fara karɓar DualShock 4 a 2016. Idan aka bar tafinta biyu suna aiki lokaci guda, wasan yana ganin hannu biyu, dannawa ɗaya ta zama biyu, ko ɗan wasa na biyu ya bayyana babu wanda ya gayyace shi. Wannan zai faru ko da igiya ko babu.

Haka ma sandar hannun wasa da ke tafiya da kanta. A ƙarƙashin kowace sanda akwai ƙananan ma'auna biyu, inda ɗan ƙarfe yake gogar zanen gawayi don a san inda aka karkata ta. Gugar tana cinye zanen, ƙura ta shiga, sai ɗan wasa ya riƙa zamewa gefe alhali babu wanda ya taɓa. Matsalar ta yi ƙamari a kan Joy-Con har aka kai Nintendo kotu a Amurka a 2019, shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri a 2020. Abin takaici shi ne maganin ba sabo ba ne: hannun Dreamcast na Sega, tun 1998, da maganaɗisu yake auna motsi, babu gogayya. Inda hazo da ƙurar hunturu suke shiga ko'ina, hannun da aka bari a buɗe a kan tabarma ba zai daɗe kamar wanda ake rufewa ba. Linzami ma yana da irin wannan tsufa, inda ƙarfen cikin maɓallin yake yin datti ko ya gaji, dannawa ɗaya ta fita biyu. Mai gyaran waya da ya iya riƙe ƙarfen narka dalma zai iya canza maɓallin, ba sai an sayi sabon linzami ba.

Sai wuta da zafi. Windows yana da ɗabi'ar kashe ƙofar USB da ya ga kamar ba a amfani da ita don tattalin batir, kuma wannan kaɗai yana iya sa makarɓi ya yanke ya dawo. Ana kashe zaɓin a saitin wuta. Laftof kuma da an ɗauke lantarki ta koma kan batir, tana rage ƙarfin katin hoto nan take, hotuna su ragu, hannu ya ji nauyi. Mai wasan zai rantse linzaminsa ne. A watannin bazara, in aka ɗora laftof a kan katifa iskar ƙasa ta toshe, ƙwaƙwalwar tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kuma alamar ita ce wasa ya fara sumul, bayan ɗan lokaci ya soma tangarɗa. Jinkirin da ke ƙaruwa da daɗewar zama, na zafi ne, ba na rediyo ba.

Mafi girman rabon jinkiri a wasan intanet kuwa babu mai sayar da maganinsa. Haske a cikin igiyar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa. Daga Legas zuwa Landan wajen kilomita 5,000 ne a miƙe, milisakan 50 ke nan tun kafin a lissafa lanƙwasar igiyar da ke bin gaɓar teku da na'urorin da ke kan hanya. Na Kano ko Maraɗi sai ya ƙara tafiyar ƙasa zuwa bakin teku. Tunda manyan wasanni da yawa a Turai ko Afirka ta Kudu suke ajiye sabarsu, ɗan wasanmu yana shiga fili da bashin da ya ninka na linzaminsa sau da dama. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin WACS da MainOne da ACE da SAT-3 suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, kowa ya ga yadda abin yake rataye a kan igiyoyi ƙalilan.

Da wannan ma'auni ya kamata a kalli tseren da kamfanoni suke yi yanzu. Razer ya fitar da linzami mai rahoto 8,000 a daƙiƙa a 2021, da igiya tukuna, daga baya marasa waya suka kamo. Tashi daga 125 zuwa 1,000 yana rage har milisakan 7, kuma wannan riba ce ta gaske. Tashi daga 1,000 zuwa 8,000 bai kai milisakan ɗaya ba, ga shi yana shanye batir da sauri, yana kuma ɗora wa kwamfuta aikin karanta saƙo ninki takwas. A kan injin da ba shi da ƙarfi wannan da kansa yana jawo sarƙewar hoto, har sai da Microsoft ya yi wa Windows 11 gyara a 2023 don rage matsalar. Ga mai allo 360 da ke cin abinci da gasa, wataƙila akwai abin tsinta a ciki. Ga mai laftof ta hannu da allo 60, kuɗin ya fi amfani a ƙarin ƙwaƙwalwar RAM, ko a wanke fanka a sa sabon man sanyaya, ko igiyar intanet daga na'urar Wi-Fi zuwa kwamfuta.