Gasar 'yan dagaji a wasannin kwamfuta: yadda ake tsara ta da wanda ke biyan kuɗinta

Gasar rukuni na biyu a wasannin kwamfuta na intanet ita ce matakin da ke ƙasa da babbar gasa, inda matasan 'yan wasa ke gogewa kafin manyan ƙungiyoyi su ɗauke su. A ƙwallon ƙafa abin sananne ne: ƙungiyar da ta ƙare a ƙasan teburin Firimiyar Najeriya ta faɗa rukunin 'yan dagaji, wadda ta yi zarra a can ta hauro. Sai dai ƙwallon ƙafa ba ta da mai ita, alhali kowane wasan kwamfuta mallakin kamfanin da ya ƙirƙire shi ne. Kamfanin ne ke ba da izinin shirya gasa, shi ke rubuta dokoki, kuma yana iya sauya su a tsakiyar kakar wasa.

Wasan League of Legends na kamfanin Riot Games, wanda ya fito a 2009 kuma ake buga shi mutum biyar da biyar, shi ne ya fi nuna yadda tsarin ke aiki, domin an gwada hanyoyi biyu mabambanta a kansa.

Hanyar Amurka

An fara babbar gasar LCS a 2013, kuma a shekarun farko ƙungiya na iya faɗawa ƙasa, wata ta hauro daga ƙaramar gasa. A 2018 aka rufe wannan ƙofa a Arewacin Amurka. An sayar da gurabe goma na dindindin, tsofaffin ƙungiyoyi a kan dala miliyan 10, sababbi a kan miliyan 13, aka kuma tsayar da mafi ƙarancin albashin ɗan wasa a dala 75,000 a shekara. Masu zuba jari sun samu abin da suke nema, wato tabbacin cewa rashin sa'ar kaka ɗaya ba zai cinye musu dukiya ba.

A madadin hawa da sauka, an wajabta wa kowace ƙungiya ta riƙe tawaga ta biyu ta masu tasowa. An kwaikwayi tsarin wasan besbol na Amurka, inda ƙananan ƙungiyoyi ke zama gonar renon 'yan wasa ga manya. Amma gonar ba ta ba da yabanya yadda aka zata ba. Tawagar da ta lashe ƙaramar gasar ba ta zuwa ko'ina, don haka masu kallo ba su ga dalilin bin ta ba. Doka ta bar kowace ƙungiya ta sa 'yan wasa biyu daga ƙetare, kuma da yawa sun gwammace su sayo gogagge daga Koriya ta Kudu ko Turai a kan su jira yaron gida ya nuna. Ga kuma tsadar rayuwa a Los Angeles, inda manyan ƙungiyoyin ke zaune. Tawaga ta biyu ta zama kashe kuɗi zalla a littafin akanta.

A watan Mayun 2023, bisa buƙatar masu ƙungiyoyin, Riot ya janye wajabcin. Cikin 'yan kwanaki bakwai daga cikin goma suka sallami tawagoginsu. Team Liquid da FlyQuest da Evil Geniuses ne kawai suka riƙe nasu. Gurabe 35 na 'yan wasa ke nan, ban da masu horarwa. Ƙungiyar 'yan wasan LCS ta kaɗa ƙuri'ar ƙaurace wa gasar, abin da ba a saba gani ba a wannan fage, musamman da yake manyan ne suka tsaya wa ƙanana. An ɗage fara kakar bazara da mako biyu, sannan aka daidaita a kan dala 300,000 ga ƙaramar gasar da wasu sharuɗɗa kan sallama daga aiki. Wajabcin dai bai dawo ba. A wannan shekarar ce kuma 'yan wasan ƙananan gasannin besbol, waɗanda aka kwaikwaya, suka samu yarjejeniyar ƙwadago ta farko a tarihinsu, bayan sun shiga ƙungiyar ƙwadago a 2022.

Hanyar Turai

Turai ma ta rufe babbar gasarta, LEC, a 2019. Abin da ta yi daban shi ne ta bar matakin ƙasa a hannun gasannin ƙasashe: LFL a Faransa, Superliga a Sifaniya, Prime League a Jamus da maƙwabtanta masu magana da Jamusanci. Ana sharhin wasa da harshen gida, ƙungiyoyi masu zaman kansu na fafatawa da tawagogin manya, kuma zakarun kowace ƙasa na haɗuwa a gasar nahiya da aka fara a 2018.

Ƙungiyar Karmine Corp ta Faransa, wadda aka kafa a 2020, ta lashe wannan gasa ta nahiya sau uku a jere tsakanin 2021 da 2022, ta tara magoya baya masu cika manyan zaurukan Paris alhali tana rukuni na biyu. Nan ne amfanin tsarin ya bayyana, nan kuma iyakarsa: duk kofunan da ta ɗaga ba su ba ta gurbi a LEC ba. Sai da ta sayi gurbin ƙungiyar Astralis ta shiga a 2024.

Abin da mai tsara gasa ke yanke wa hukunci

Tambaya ta farko ita ce ƙofa. Idan babu hanyar haurowa, ƙaramar gasa ba ta da abin da ake takara a kai. Riot da kansa ya gwada wata tsaka-tsakiyar hanya a wasan Valorant daga 2023, inda zakaran rukuni na biyu a kowane yanki ya riƙa samun gurbi na wucin gadi a babbar gasa. Ko a nan takarda ta fi wasa ƙarfi: ƙungiyar The Guard ta ci gurbin yankin Amurka a 2023 amma ba ta cika sharuɗɗan yarjejeniya a kan lokaci ba, sai da aka yi ta ƙorafi kafin a bar 'yan wasan su shiga da rigar G2 Esports.

Ta biyu ita ce ladan wanda ya yi reno. A wasan Counter-Strike, inda sayar da ɗan wasa ya zama kasuwa, tawagar matasa na iya biyan kuɗin kanta. NAVI ta raini m0NESY ta sayar wa G2 a farkon 2022, MOUZ kuwa ta gina babbar tawagarta da yaran da ta ɗauko daga ƙaramar.

Sauran su ne kwantiragi, mafi ƙarancin shekaru, da wanda zai sa ido. Ɗan wasan da albashinsa bai taka kara ya karya ba, ga shi kamfanonin caca na karɓar fare a kan wasanninsa, shi ne masu sayen sakamako ke fara nema, kuma a ƙananan gasanni aka fi bankaɗo irin wannan badaƙala.

Kamfanin Valve, mai Counter-Strike, ya bi ta wata hanya dabam. A watan Agustan 2023 ya sanar da cewa daga 2025 masu shirya manyan gasanni ba za su ƙara keɓe gurabe ga ƙungiyoyin da suke da alaƙar kasuwanci da su ba. Gayyata za ta bi jadawalin matsayi ne ko wasannin share fage da kowa ke iya shiga.