Zaɓen hedfon don sauraron kiɗan rok da metal ba tare da amfilifaya ba

Masu sha'awar ingancin sauti sun daɗe suna muhawara a kan ko wajibi ne mutum ya sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, kafin ya ci moriyar hedfon mai tsada.

Amsar tana cikin wasu lambobi guda biyu da kamfanoni ke rubutawa a jikin kwali, waɗanda akasarin masu saye ba sa dubawa. Wanda bai duba su ba yana iya kashe kuɗi masu yawa, ya dawo gida ya jona wa wayarsa, ya tarar sautin ya fito a raunane, bai ma kai na ƙaramin iyafis ɗin da ya zo da wayar ba.

Matsalar ta fi fitowa fili a kiɗan rok da na metal, waɗanda suka dogara da jitar lantarki da ganguna masu sauri. Irin wannan kiɗa ba baƙo ba ne a yankin Sahel. Ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawan Mali ta sami lambar yabo ta Grammy a 2012, kuma mawaƙan Nijar irin su Bombino na Agadez da Mdou Moctar suna cika dandali a Turai da Amurka. Waƙoƙin Mdou Moctar na farko ta hanyar katin ajiya na wayar salula suka bazu, daga hannu zuwa hannu.

Lambobi biyu

Da farko dai, babu hedfon ɗin da ke aiki babu amfilifaya sam. Kowace waya, kwamfuta ko rediyo tana da ƙaramar amfilifaya a cikinta. Abin tambaya shi ne ko wannan ƙaramar ta isa.

Lamba ta farko ita ce turjiyar da hedfon ke yi wa wutar lantarki, wadda ake aunawa da ma'aunin om. Idan waya na iya fitar da bolt ɗaya, hedfon mai om 32 zai sami kimanin miliwat 31, shi kuwa mai om 300 ba zai sami fiye da miliwat uku da ɗan ɗoriya ba. Wato ƙarfin ya ragu kusan sau goma, alhali wayar ɗaya ce.

Wannan ne ya sa Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997, da ƙanensa HD 650 na 2003, duk da sunan da suka yi, ba su ne zaɓin farko ga mai waya kaɗai ba. Dukansu om 300 ne. Za su yi sauti, amma sau da yawa sai an kai ƙarar ƙarshe, kuma ba sauran ƙarfin da zai ɗauki bugun ganga idan ya zo.

Kamfanin Beyerdynamic na Jamus yana ƙera samfurinsa na DT 770 Pro iri uku, mai om 32, da mai 80, da mai 250. Siffarsu kusan ɗaya ce, don haka kuskure a nan yana da sauƙi. Na 32 ne aka yi domin waya.

Lamba ta biyu ta ma fi ta farko muhimmanci, ko da yake an fi mantawa da ita. Ita ce ke nuna yawan ƙarar da hedfon zai bayar idan aka ba shi miliwat ɗaya, kuma da desibel ake aunata. Duk ƙarin desibel uku yana buƙatar a ninka ƙarfin wuta sau biyu, ƙarin desibel goma kuwa sau goma.

Misali, Sony MDR-7506, wanda ake amfani da shi a ɗakunan watsa shirye-shirye tun 1991, om 63 ne amma yana bayar da desibel 106. HiFiMan HE400se om 25 ne kacal, sai dai desibel 91 yake bayarwa. Wanda ya dubi om kaɗai zai ɗauka na biyun ya fi sauƙin turawa, alhali yana buƙatar ƙarfin da ya ninka na farkon kusan sau 30 kafin ya kai ƙara ɗaya da shi.

Akwai kuma wani tarko. Wasu kamfanoni suna auna desibel ɗin ne a kan bolt ɗaya maimakon miliwat ɗaya, abin da ke sa lambar ta yi girma. Ba a kwatanta lambobin biyu kai tsaye.

A taƙaice, hedfon da turjiyarsa ba ta wuce om 60 zuwa 70 ba, kuma ƙararsa ta kai kusan desibel 98 ko fiye a kan miliwat ɗaya, zai wadatu da yawancin wayoyi.

Abin da kiɗan ke buƙata

Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga haz 20 zuwa kimanin haz 20,000. Ma'aunin shi ne dai wanda masu sauraron rediyo suka saba ji idan ana sanar da mitoci.

Tsirkiya mafi kauri ta jita tana kaɗawa a haz 82, ta jitar bes kuwa a haz 41. Amma abin da ke bai wa jitar rok kaifinta shi ne gurɓata sautin da ake yi da gangan a na'ura, wanda ke tara ƙarfi a tsakiyar zangon sauti har zuwa wajen haz 2,000 zuwa 5,000. A daidai wannan wuri ne kunnen ɗan Adam ya fi kaifin ji, kuma a nan ne ya fi saurin gajiya.

Saboda haka hedfon da ya cika amon ƙasa, irin wanda ake yi domin kiɗan rawa, ba ya yi wa metal adalci. Mai gangar metal yakan buga manyan ganguna biyu da ƙafafu cikin sauri matuƙa, kuma idan amon ƙasa ya yi yawa sai bugun ya cakuɗe ya zama gunji guda, ya danne jita da muryar mawaƙi. Wanda ya taɓa jin kalangu ta lasifikar da ta fashe ya san yadda rarrabewar bugu ke ɓacewa.

Idan kuma siririn sauti ne ya yi yawa, farantan tagulla da mai ganga ke bugawa sai su riƙa sukar kunne. An san wasu samfuran Beyerdynamic, musamman DT 990, da tashi a wajen haz 8,000 zuwa 10,000. Wasu suna son hakan domin yana fito da ƙananan abubuwa, amma a kan faifan da aka ɗauka da kaifi tun asali, sauraron sa'a guda yana zama aiki.

Yadda ake haɗa faifan ma yana da tasiri. Tun daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar matse sauti domin waƙa ta fi ta wani ƙara. Faifan Death Magnetic na ƙungiyar Metallica, wanda ya fito a 2008, ya sha suka daga magoya bayan ƙungiyar kansu saboda wannan. Ga mai waya kaɗai, abin yana da ɗan amfani, domin irin waɗannan faya-fayai ba sa buƙatar ƙarfi sosai. Tsofaffin faya-fayai, kamar na farko na Black Sabbath ta Birmingham a 1970, sun fi buƙatar a ƙara murya.

Buɗaɗɗe ko rufaffe

Sennheiser ne ya fito da buɗaɗɗen hedfon na farko, HD 414, a 1968. Bayansa a buɗe yake, iska na shiga da fita, kuma sautin yakan yi faɗi kamar a fili ake kiɗan.

A cikin buɗaɗɗun, sunan da ya fi yawo a bakin masu sauraron rok shi ne Grado, ƙaramin kamfanin iyali da aka kafa a 1953 a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Samfuransa na SR60 da SR80 suna da turjiyar da ba ta kai om 40 ba, kuma suna turo jita gaba har kamar mai kiɗan na tsaye kusa da kunne. Aibinsu shi ne amon ƙasa ba ya nitsawa sosai, soson kunnen yana damun wasu, kuma kaifin ba kowa ke jure shi ba. Philips SHP9500 mai om 32 ya fi su laushi a kai. Koss Porta Pro, wanda ba a sauya siffarsa ba tun 1984, om 60 ne, ya fi su araha, kuma sautinsa mai ɗumi yana rufa wa faifan da ba a ɗauka da kyau ba asiri.

Sai dai buɗaɗɗen hedfon ba ya tare komai. Ƙarar janareta da ta ababen hawa za ta shigo, kuma na kusa zai ji abin da ake saurare, lamarin da ba ya dacewa a ofis ko a ɗakin da iyali ke zaune.

A irin wannan yanayi rufaffe ya fi. Audio-Technica ATH-M50x na 2014 om 38 ne, yana da amon ƙasa mai ƙarfi. AKG K371 mai om 32 an daidaita shi ne bisa binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman kan irin sautin da yawancin mutane suka fi so. Matsalar rufaffe ita ce zafi. A watannin bazara matashin kunne na fatar roba yana tara gumi, kuma bayan wani lokaci yakan fara saɓulewa. Ya kamata a tambaya ko ana iya sauya matashin da kuma igiyar, domin su ne ke fara lalacewa.

Tun da Apple ya cire kafar hedfon daga iPhone 7 a 2016, wayoyi da dama sun bi sahu. 'Yar igiyar da ake jonawa a kafar caji tana ɗauke da tata ƙaramar amfilifaya, kuma mai kyau daga cikinsu ta kan fi abin da ke cikin waya mai araha. Hedfon na Bluetooth kuwa da tasa amfilifayar yake zuwa, don haka batun om bai shafe shi ba.

Jabun kaya sun yi yawa a kasuwannin wayoyi, kuma samfuran da suka yi suna su aka fi kwaikwaya. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kamfani alama ce. Gwaji da wayar mutum, da waƙar da ya sani sarai, ya fi duk wani bayani na jikin kwali.

Lafiyar kunne

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da matasa biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna fuskantar haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙara. Ƙa'idar da hukumar ta fitar tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya a 2019 ta ƙayyade desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako ga manya, da desibel 75 ga yara. Duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi, ta yadda a desibel 100 kason mako guda yana ƙarewa cikin kusan minti 20.

Hedfon mai sauƙin turawa yana iya wuce desibel 100 daga waya ba tare da wata na'ura ba. Ƙwayoyin da ke cikin kunne, masu kama sauti, ba sa sake tsirowa idan suka mutu, kuma alamar farko sau da yawa ita ce ƙara mai kama da kukan gyare bayan an cire hedfon.

Mawaƙan kansu sun ɗanɗana. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya danganta raunin jinsa da shekarun da ya yi yana aiki da hedfon a ɗakin ɗaukar sauti, kuma a 2016 Brian Johnson na AC/DC ya dakatar da rangadi bayan likitoci sun gargaɗe shi cewa yana iya kurmancewa baki ɗaya.